BABI NA UKU: DOKOKIN HAYAR GIDAJE TA GAJEREN LOKACI A BIRNIN NIYOK

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin ƙa'idojin da hukumomi suka shimfiɗa wa masu ba da hayar gidaje ta gajeren lokaci a birnin Niyok na ƙasar Amurka. An zaɓi wannan birni ne saboda dalilai guda biyu. Na farko, yana cikin biranen duniya da baƙi suka fi tururuwa zuwa cikinsu, domin a shekarar 2019 kaɗai ya karɓi baƙi fiye da miliyan 66. Na biyu, dokokinsa suna cikin waɗanda suka fi tsanani, kuma an shafe fiye da shekara goma ana kai ruwa rana a kansu tsakanin hukuma da kamfanonin da suke dillancin irin wannan haya. Za a fara da bayanin ma'anar hayar, sannan a duba halin da birnin yake ciki dangane da muhalli, da dokokin da suka gabata, kafin a tsaya a kan dokar da aka fara zartarwa a shekarar 2023 da abin da ta haifar.

3.1 Ma'anar Hayar Gajeren Lokaci

A dokar Niyok, hayar gajeren lokaci ita ce ba wa mutum gidan zama, ko wani ɗaki a cikinsa, na ƙasa da kwana 30 a jere, a karɓi kuɗi. Da zarar zaman ya kai kwana 30, to ya fita daga wannan rukuni ya koma haya irin wadda aka saba. Otal-otal da gidajen kwana waɗanda tun asali aka gina su domin matafiya ba sa cikin wannan magana, domin suna da nasu dokokin daban.

Saukar baƙo a gida a kan lada ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun zamanin fatauci akwai fatoma, wato mutumin da yake saukar da fatake a gidansa, ya ba su makwanci da abinci, ya adana musu kaya, ya kuma haɗa su da masu saye, a ba shi la'ada. Abner Cohen, a littafinsa na shekarar 1969 game da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya yi bayanin yadda masu gidaje suke saukar da fataken shanu da na goro a kan wannan tsari. Abin lura a nan shi ne, mai masauki sananne ne a unguwa, kuma idan baƙonsa ya yi ba daidai ba an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Hayar da ake magana a kanta a wannan babi ta bambanta da wancan tsari ta fuskar shigowar wani sabon dillali, wato kamfanin intanet. Mafi shahara a cikinsu shi ne Airbnb, wanda Brian Chesky da Joe Gebbia da Nathan Blecharczyk suka kafa a birnin San Faransisko a shekarar 2008. Akwai kuma irin su Vrbo da Booking.com. Mai gida yakan sa hotunan ɗakinsa da farashi a shafin kamfanin, baƙo ya zaɓa ya biya ta hannun kamfanin, kamfanin ya cire la'adarsa ya miƙa wa mai gida saura. Ta haka mutum zai iya ba da hayar gida goma ba tare da ya taɓa haɗa ido da ko ɗaya daga cikin baƙinsa ba, kuma maƙwabta ba su san wanda za su kai wa kuka ba.

3.2 Matsalar Muhalli a Birnin

Ba za a fahimci tsananin dokokin Niyok ba sai an san irin ƙuncin muhallin da mazauna birnin suke ciki. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa birnin yana da mutane kimanin miliyan 8.8, a gundumomi biyar, wato Manhattan da Brooklyn da Queens da Bronx da Staten Island. Kimanin kashi biyu bisa uku na iyalan birnin 'yan haya ne, kuma mafi yawansu suna zaune ne a manyan gine-gine waɗanda aka rarraba sashe-sashe, kowane iyali da nasa sashen.

Binciken gidaje da hukumar birnin ta gudanar a shekarar 2023 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 ne kawai na gidajen haya suke a buɗe suna jiran mai kamawa, wato kimanin guda 33,000. Rabon da a ga ƙaranci irin wannan tun shekarar 1968. A dokar jihar kuwa, muddin adadin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, birni yana da ikon ayyana cewa yana cikin halin gaggawa game da muhalli. Wannan ne ginshiƙin tsarin ƙayyade kuɗin haya, wanda ya shafi sassan gidaje kusan miliyan ɗaya a birnin, inda mai gida ba shi da ikon ƙara kuɗi fiye da abin da hukuma ta yanke a shekara.

A irin wannan hali, lissafin mai gida a fili yake. Idan abin da zai samu daga matafiya a cikin 'yan kwanaki ya kai abin da ɗan haya zai biya a wata, to zai fi son matafiya, musamman da yake matafiyi ba shi da kariyar da doka ta ba ɗan haya game da kora ko ƙarin kuɗi. Duk sashen da aka mayar masaukin baƙi kuwa, an rage gidan iyali ɗaya ke nan. Bayan wannan akwai batun gobara. Doka ta wajabta wa otal matakan kariya fiye da na gidan zama, kamar ƙararrawa da bututun yayyafa ruwa da alamun hanyar fita, saboda baƙo bai san lungu da saƙon gini ba kamar yadda mazauninsa ya sani. Haka kuma akwai koke-koken maƙwabta game da hayaniya da shara, da kuma yadda mabuɗin babbar ƙofa yake yawo a hannun mutanen da ba a sani ba.

3.3 Dokokin da Suka Gabata

Wajibi ne a bambanta tsakanin Jihar Niyok, wadda majalisarta take zama a Albany, da birnin Niyok, wanda yake da magajin gari da majalisarsa. Dukkansu biyu suna da hannu a wannan al'amari.

Tushen dokokin shi ne dokar jiha ta shekarar 1929 game da gine-ginen da iyalai uku ko fiye suke zaune a ciki. Wannan doka ta kasa irin waɗannan gine-gine gida biyu: na zaman dindindin, da na zaman wucin gadi kamar otal. To amma lafazinta yana da sassauci, har wasu masu gine-gine suka riƙa kafa hujja da cewa muddin mafi yawan sassan ginin mazauna ne a ciki, suna da damar ba matafiya sauran. A shekarar 2010 majalisar jiha ta toshe wannan kafa, Gwamna David Paterson ya sa hannu, gyaran ya fara aiki a watan Mayu na 2011. Tun daga lokacin ya zama laifi a ba da hayar sashe a irin waɗannan gine-gine na ƙasa da kwana 30, sai fa idan mazaunin sashen yana nan tare da baƙon.

Kafa doka daban, samun a bi ta daban. A watan Oktoba na 2014 Babban Lauyan Jiha, Eric Schneiderman, ya fitar da rahoto bayan ya karɓi bayanan cinikin Airbnb na tsakanin 2010 da tsakiyar 2014. Rahoton ya nuna cewa kimanin kashi 72 cikin 100 na gidajen da aka ba da hayarsu ta gajeren lokaci ta shafin kamfanin, bisa ga dukkan alamu, sun saɓa wa doka. Ya kuma nuna cewa kashi 6 cikin 100 na masu ba da hayar, waɗanda suka mayar da abin babbar sana'a, su ne suka kwashe kashi 37 cikin 100 na kuɗin da aka samu.

Dalilin wannan gazawa shi ne yadda ake kama mai laifi. Aikin yana hannun wani ofishi na musamman a ƙarƙashin magajin gari, wanda ya ƙunshi sufetocin gine-gine da na kashe gobara da lauyoyi. Tallan da ake sawa a shafin kamfani ba ya nuna ainihin adireshin gida ko cikakken sunan mai shi. Saboda haka sai maƙwabci ya kai ƙara, sufeto ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya yi sa'a ya tarar da baƙo a ciki, baƙon kuma ya yarda ya yi magana. A birnin da tallace-tallacen suka kai dubbai masu yawa, wannan aiki tamkar ɗiban ruwa ne da kwando.

A watan Oktoba na 2016 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a wata doka da ta haramta tallata irin wannan haya, da tarar da take farawa daga dala 1,000 har ta kai dala 7,500 ga wanda ya maimaita laifi. Airbnb ya garzaya kotu, amma aka sasanta a watan Disamba na wannan shekara, bisa sharaɗin cewa masu gidaje za a riƙa ci tara, ban da kamfanin. A shekarar 2018 kuma majalisar birni ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin miƙa sunaye da adireshin masu hulɗa da su. Wata kotun tarayya ta dakatar da ita a watan Janairu na 2019, sai a 2020 aka yi sulhu kamfanin ya yarda ya riƙa ba da bayanan duk bayan wata uku. Wannan ya sauƙaƙa wa sufetoci bincike, amma duk da haka hukuma tana bin sawun laifi ne bayan an riga an aikata shi, an kuma raba kuɗi.

3.4 Dokar Birni Mai Lamba 18

Majalisar birni ta amince da wannan doka a watan Disamba na 2021, ta zama doka a watan Janairu na 2022. Airbnb ya shigar da ƙara a watan Yuni na 2023, yana mai cewa dokar daidai take da haramta sana'arsa a birnin, amma Mai Shari'a Arlene Bluth ta kori ƙarar a watan Agusta. An fara zartar da dokar a ranar 5 ga Satumba, 2023.

3.4.1 Sharuɗɗan da Ke Kan Mai Masauki

Duk mai son ba da hayar gajeren lokaci dole ne ya yi rajista da ofishin da aka ambata a sama, ya biya dala 145, ya kuma gabatar da shaidar ko shi wane ne da shaidar cewa a wannan gida yake zaune. Ba za a ba shi lambar rajista ba sai ya amince da waɗannan sharuɗɗa:

(a) Ya kasance yana kwana a cikin gidan tare da baƙinsa har su tafi.

(b) Kada baƙin da suke biyan kuɗi su wuce biyu a lokaci guda.

(c) Ya zamana shi da baƙin suna zaune ne kamar iyali ɗaya, wato baƙo yana iya kaiwa ga kowane ɓangare na gidan da kowace hanyar fita, ba tare da an kulle wata ƙofar ciki an raba gidan biyu ba.

(d) Ya sa lambar rajistarsa a duk tallan da zai yi, ya liƙa taswirar hanyoyin fita a cikin gidan, ya kuma adana bayanin cinikin da ya yi.

Wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar da ta kai dala 5,000. Ya kamata a lura cewa sharuɗɗa uku na farko sun girmi wannan doka. An tsamo su ne daga dokar jiha da dokokin gine-gine na birni, waɗanda suka ba iyali damar ajiye 'yan haya har guda biyu a cikin gidansu. Bisa fassarar da hukumar birnin take yi wa dokokinta, wannan ƙa'ida ta haɗa har da ƙananan gidaje masu ɗaukar iyali ɗaya ko biyu.

3.4.2 Gidajen da Ba a Yi wa Rajista

Akwai gidajen da ba za a yi musu rajista ba ko da mazauninsu ya cika dukkan sharuɗɗa. Daga ciki akwai sassan da aka ƙayyade wa kuɗin haya, da gidajen gwamnati da aka gina domin masu ƙaramin ƙarfi. Hikimar haka ita ce, gidan da aka sassauta wa mutum kuɗinsa domin ya sami wurin zama bai kamata ya zama masa jari ba. Ɗan haya na iya neman rajista, amma ofishin zai sanar da mai ginin, kuma idan yarjejeniyar hayarsu ta hana, to magana ta ƙare. Bugu da ƙari, an buɗe wani jeri wanda masu gine-gine za su iya sa ginin su a ciki, ta yadda duk takardar neman rajista da ta fito daga wannan adireshi za a yi watsi da ita.

3.4.3 Nauyin da Ke Kan Dillali

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci a cikin dokar, kuma shi ne ya bambanta ta da waɗanda suka gabace ta. An haramta wa kamfanin dillanci karɓar kuɗi a kan duk wata hayar gajeren lokaci sai ya tantance, ta hanyar na'urar da ofishin ya tanada, cewa suna da adireshi da lambar rajista sun dace da abin da yake a kundin hukuma. Kamfanin da ya karɓi kuɗi ba tare da tantancewa ba za a iya cinsa tarar da ta kai dala 1,500 a kan kowane ciniki guda.

Idan aka yi la'akari da abin da ya gabata, za a ga cewa hukuma ta sauya wurin da take tsare hanya ne. A da tana bin dubban masu gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ɓoye. Yanzu kuwa ta tsaya a mashigar da dukkan kuɗin suke bi, wato hannun 'yan kamfanoni ƙalilan waɗanda aka san ofisoshinsu, kuma suna da dukiyar da za a iya taɓawa. Dillalin da ya san tarar ciniki ɗaya ta ninka la'adarsa sau da yawa, shi da kansa zai kori wanda ba shi da takarda.

3.5 Abin da Dokar Ta Haifar

Tasirin farko ya bayyana nan take. Alƙaluman da ƙungiyar sa-ido ta Inside Airbnb ta tattara sun nuna cewa tallace-tallacen hayar gajeren lokaci a shafin Airbnb sun faɗo daga sama da 22,000 a watan Agusta na 2023 zuwa 3,000 da 'yan kai a farkon Oktoba. Abin da sufetoci suka kasa yi a shekara goma sha biyu ya faru a cikin makonni kaɗan.

To amma ba dukkan waɗannan gidaje ne suka koma hannun mazauna ba. Da yawa daga cikin masu su sun mayar da mafi ƙarancin zama kwana 30, suka ci gaba da talla a shafin, suna neman ɗalibai da ma'aikatan da aka turo aikin 'yan watanni. Wasu sun koma talla a Craigslist da Facebook, inda babu mai riƙe kuɗi a tsakani, abin da ya bar baƙo ba shi da madafa idan aka cuce shi. Wasu matafiyan kuma sun riƙa tsallaka kogin Hudson suna sauka a garuruwan jihar New Jersey.

Game da kuɗin haya kuwa, a shekarar da ta biyo bayan zartar da dokar bai sauka ba, kuma Airbnb ya riƙa kafa hujja da haka. Lissafi yana iya bayyana dalili. Birnin yana da gidajen zama kimanin miliyan 3.7, saboda haka 22,000 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma wasu daga ciki ɗakuna ne kawai a gidajen da masu su suke zaune. Masu goyon bayan dokar kuwa suna auna wannan adadi ne da gidaje 33,000 da suke a buɗe, inda za a ga ba ƙaramin abu ba ne. Suna kuma cewa amfanin dokar har da hana ƙarin gidaje sulalewa nan gaba. Kuɗin otal ya tashi, domin a 2023 matsakaicin farashin kwana ɗaya ya haura dala 300. Sai dai ba za a ɗora wa dokar wannan ita kaɗai ba, domin a 2021 an tsaurara ba da izinin gina sababbin otal-otal, kuma daga 2022 hukuma ta kama dubban ɗakunan otal domin tsugunar da masu neman mafaka.

Waɗanda suka fi kokawa su ne masu ƙananan gidaje a Brooklyn da Queens, waɗanda suke zaune a sashe ɗaya suna ba da hayar ɗaya sashen domin biyan bashin sayen gida da haraji. Hujjarsu ita ce, suna nan a cikin ginin kamar yadda ake so, amma doka ta ɗauki kowane sashe a matsayin gida mai zaman kansa, don haka aka haɗa su da manyan 'yan kasuwa aka yi musu kuɗin goro. A ƙarshen shekarar 2024 an gabatar da ƙudiri a majalisar birni domin sassauta musu, amma ƙungiyoyin 'yan haya da ƙungiyar ma'aikatan otal suka yi adawa da shi, suna cewa wannan sashe da ake magana a kai shi ma gidan wani iyali ne.

3.6 Kwatanci da Wasu Birane

Wasu manyan birane sun bi hanyar ƙayyade yawan kwanaki. A Landan, dokar shekarar 2015 ta ba mutum damar ba da hayar gidansa gaba ɗaya har kwana 90 a shekara ba tare da neman izini ba. Faris ta daɗe a kan kwana 120 ga gidan da mutum yake zaune a ciki, kafin ta rage zuwa 90 daga farkon 2025. Amstadam ta rage nata zuwa kwana 30 a shekarar 2019. Basalona kuwa, a watan Yuni na 2024 magajin garinta Jaume Collboni ya ba da sanarwar cewa lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido kimanin 10,000 ba za a sabunta su ba bayan Nuwamba na 2028. Tsarin ƙidayar kwanaki yana ba wanda ya yi tafiya damar cin moriyar gidansa, amma yana da wuyar sa-ido, domin mutum na iya cika kwanakinsa a wannan kamfani ya koma wancan. Niyok ta kauce wa wannan wahala ta hanyar ɗora sharaɗinta a kan zaman mai gida, sai dai ta rufe ƙofa ga wanda yake son ba da gidansa na mako biyu kawai lokacin da ya yi bulaguro.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa haramcin ba da hayar gida gaba ɗaya na ƙasa da kwana 30 ya daɗe a Niyok, amma bai yi tasiri ba sai da aka wajabta rajista, aka kuma ɗora wa dillali alhakin tantancewa kafin ya karɓi kuɗi. Irin saukar baƙin da dokar ta bari ita ce wadda mai masauki yake zaune tare da baƙonsa, hukuma ta san sunansa, maƙwabta kuma sun san ƙofarsa. An kuma ga cewa dokar ta yi nasarar rage haramtacciyar haya, amma ba ta isa ta magance tsadar muhalli ita kaɗai ba, domin tushen tsadar shi ne ƙarancin gidajen da ake ginawa idan aka kwatanta da yawan masu nema. Babi na gaba zai duba harajin da ake karɓa a kan irin wannan haya da yadda ake raba shi tsakanin jiha da birni.